Jinjina ga masu fim ɗin Mami Wata

A lokacin da kasuwar finafinan Najeriya ta raja'a kan launi da ƙyale-ƙyale, darakta C.J. Obasi da furodusa Oge Obasi sun tafi bakin teku a Jamhuriyar Benin, suka ɗauko fim ɗin Mami Wata da baƙi da fari zalla. Wannan ƙarfin hali ya isa a yaba.

Labarin ƙauyen Iyi ne, inda Mama Efe ke tsakanin jama'a da aljanar ruwa, Mami Wata. Da yaro ya mutu a hannunta, mutane suka fara tambayar ina asibiti, ina makaranta, ina lantarki. Ƙishin 'yanci ne na gaskiya, sai dai waɗanda suka yi alkawarin kawo shi da bindiga suka zo.

Aikin mai ɗaukar hoto, Lílis Soares 'yar Brazil, shi ya fi kama ni. Farin zane a fuskokin mata yana haske cikin duhu, wuri na ƙyalli a jikin kitso, teku kuwa baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai kumfarsa. Ba mamaki da ta samu lambar yabo a bikin Sundance na 2023, fim ɗin kuma ya ƙara da kyaututtuka a bikin FESPACO na Wagadugu.

Mu ma ba baƙin irin wannan labari ba ne: tun shekarun 1970 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Toula, kan budurwar da aka sadaukar saboda fari. Masu shirya fim a Kano, ku nemi finafinan nan biyu ku kalla. Allah ya ƙara basira.