3.2 Jerry da Gizo: Kamanci da Bambanci

Majigin zane na Tom and Jerry ya fara fitowa ne a Amurka a shekarar 1940, daga hannun William Hanna da Joseph Barbera na kamfanin MGM. Daga wannan shekara zuwa 1958 sun shirya gajerun finafinai 114, bakwai daga cikinsu suka ci kyautar Oscar. Don gidajen silima aka yi su, kowanne kamar minti bakwai, ana nuna shi kafin babban fim, manya da yara suna kallo tare. A Jega da Aliero da Maiyama kuwa, ta akwatin talabijin da bidiyo da wayar hannu suka iso, aka ɗauke su abin yara kawai.

Da wuya Bahaushe ya kalli mussa da kusu (wato kyanwa da ɓera, a karin harshen wannan yanki) suna tsere bai tuna da Gizo ba. Kamancin a fili yake: ƙarami mai wayo yana galabaita babba mai ƙarfi. Amma idan aka duba da kyau, kamancin bai yi nisa ba. Makamin Gizo bakinsa ne. Da ƙarya da daɗin baki yake yaudarar kura ko zaki, tsamin bakinsa kuma shi ne rabin daɗin tatsuniyar. Jerry kuwa da ƙyar yake furta kalma. Kiɗan Scott Bradley ne ke magana a madadinsa. Wannan rashin magana shi ya sa yaron Maiyama yake fahimtar labarin ba tare da tafinta ba, amma ba ya tashi da karin magana ko waƙa ko ɗaya. Haka kuma Gizo yakan ji kunya idan asirinsa ya tonu, labari ya ƙare. Tom ko an daka shi ya baje kamar faifai, nan take zai miƙe garau.

Akwai kuma baƙar macen nan ta cikin gida, wadda akasari ƙafafunta kawai ake nunawa, har zuwa fitowarta ta ƙarshe a 1952. An zana ta ne bisa siffar raini da fararen Amurka suka yi wa baƙaƙen mata masu aikatau. Yaron da ke dariya a Aliero bai san da 'yar uwarsa ake ba.