Koyar da Ilmin Kwamfuta ta Hanyar Zane da Warware Matsala: Sharhi

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wata hanyar koyar da ɗaliban digirin farko ilmin kwamfuta, wadda ta haɗa abubuwa biyu, wato sarrafa zane da kuma koyo ta hanyar warware matsala. Za mu fara da asalinta, sa'an nan mu nuna inda ta yi armashi da inda muke ganin an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

2.0 Asali

A shekarar 1967 Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen Logo a Amurka. Daga baya aka ƙara masa "kunkuru", wanda ɗalibi ke ba umurni ya yi gaba ko ya juya, yana barin layi a bayansa. In an ce ya yi taki 100 ya juya dama digiri 90, aka maimaita sau 4, sai murabba'i ya fito. Shi kuwa koyo ta hanyar warware matsala, a makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ya kafu a 1969. A can akan ba ƙaramin rukunin ɗalibai labarin mara lafiya tun kafin lacca, su nemo abin da suke bukatar sani. A 2003 Mark Guzdial ya buɗe wani kwas a Georgia Tech inda ɗaliban da ba kwamfuta ce fanninsu ba suke koyon harshen Python ta hanyar sarrafa hoto da sauti.

3.0 Inda Hanyar ta Yi Armashi

Hoto a cikin kwamfuta jerin ɗigogi ne, kowane ɗigo da lambobi uku na ja da kore da shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Hoto mai faɗin ɗigo 640 da tsayin 480 yana da ɗigo 307,200. In aka ce ɗalibi ya juya launinsa, wato ya ɗebe kowace lamba daga 255, ba wanda zai ce masa ya koyi umurnin maimaitawa. Yawan ɗigon ne zai tilasta masa. Bugu da ƙari, in ya yi kuskure babba, sai fuska ta fito kore ko hoton ya kife, ya gani da idonsa nan take. Wannan riba ce ta gaske, kuma rahotannin Guzdial sun nuna cewa yawan masu faɗuwa da masu janyewa daga kwas ɗin ya ragu.

4.0 Inda Muke da Ja

Na farko, zama a aji daban, fahimta daban. A bitar da Guzdial ya yi a 2013, shi da kansa ya nuna cewa hujjar riƙe ɗalibai ta fi hujjar ƙarin koyo ƙarfi. Tun a 1984 ma Roy Pea da Midian Kurland sun yi ja da da'awar cewa koyon tsara umurnin kwamfuta yana kaifafa tunani a sauran fannoni.

Na biyu, ido alƙali ne mai sassauci. Alal misali, in ɗalibi ya tsallake layin ƙarshe na hoton nan, ɗigo 640 ke nan ba a taɓa ba, amma da wuya mai kallo ya lura. Irin wannan kuskuren a lissafin albashi mutum guda ne aka hana haƙƙinsa. Har ila yau, hoto ba ya faɗin yawan matakan da aka bi kafin ya fito, alhali kuwa auna wannan yana cikin ginshiƙan fannin.

Na uku, ɗaliban McMaster sun riga sun yi karatun jami'a kafin su shiga likitanci, kuma kowane rukuni da malaminsa. Ɗan shekarar farko bai da wannan guzuri. A 2006 Kirschner da Sweller da Clark sun kawo hujjar cewa sabon shiga ya fi amfana da misalan da aka warware masa dalla-dalla. A azuzuwanmu masu cunkoso, inda ɗalibai da yawa ke rabon na'ura guda, abin da yakan faru shi ne mutum ɗaya ya yi aikin, saura su sa suna.

5.0 Kammalawa

Ra'ayinmu shi ne a riƙe zane a matsayin ƙofar shiga, amma da sharuɗɗa uku. Malami ya fara warware misali a gaban aji kafin ya ba da matsala. A gwada kowane aiki da ƙaramin hoto, kamar mai ɗigo 4 sau 4, ɗalibi ya lissafa sakamakon da hannu ya kwatanta da na na'ura. Daga ƙarshe, a jarraba kowane ɗalibi shi kaɗai da matsalar da babu hoto a cikinta, kamar jera sunaye ko neman lamba a cikin jeri, domin a nan ne za mu san ko abin da ya koya ya bi shi.