Numfashi Ɗaya a Ƙasan Rijiya

Wanda duk ya ji sunan Batsari ko Safana a 'yan shekarun nan, labarin 'yan bindigar dajin Rugu ne ke fara faɗo masa. Ba mai kawo zancen nutso, tunda ƙasa ce ta duwatsu da jigawa, rafukanta kuma da rani yashi ne zalla. Amma a can ɗin akwai gwanayen shiga ruwa, sai dai ruwan nasu a tsaye yake, cikin rijiya.

Idan bazara ta kama, ruwa ya ja baya, guga ya fara fitowa da laka, sai a nemo mai yasa. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: igiya, ƙugiya, ɗan gajeren wando, da fitilar ƙwai. Fitilar ce ke fara sauka. In ta mutu kafin ta kai ruwa, gwani ba ya shiga, domin iskar da ta kashe wuta za ta kashe mutum. Jama'a kan ce mutanen ɓoye ne suka riƙe rijiyar. Shi bai musa wa kowa ba, zai dai jira a kore gurɓatacciyar iskar tukuna. Kuma ba ya yarda a zura injin jan ruwa mai fetur a ramin da yake ciki, don hayaƙinsa ya sha cin rayuka.

In ya sauka, ƙafa ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan, har ya taɓa ruwa, sai aikin gaske ya fara. Zai ja numfashi a natse, ya nutse cikin duhun da ko tafin hannunsa ba ya gani, ya laluba da yatsu har ya kamo gugan da ƙugiya ta kasa kamowa. Da igiya yake magana da na sama: fizga ɗaya da ma'anarta, biyu da tata. Masu nutson teku da ake ɗaure wa igiya ma da irin wannan fizgar suke magana. Da nutso kuma masuntan madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, suke bin tarunsu in ya sarƙe a ƙasa. A Argungu kuwa, inda bikin kamun kifi ya faro a 1934, nutso gasa ce mai zaman kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kusan kowace wahala da mai yasa ke haƙura da ita, masu nutson zamani sun ƙera mata kaya.

Ɗauki numfashi. A 1943, a Faransa, hafsan sojan ruwa Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa wata na'ura da ke sakar wa mutum iska daga tulun ƙarfe sai lokacin da ya zuƙa kawai, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Gagnan ya fara ƙera makamanciyarta ne don motocin da ke aiki da gas lokacin da yaƙi ya hana fetur. Mutane kan ce oksijin ne a tulun. A'a, iskar duniya ce aka matse. Tulu mai lita 12, in an cika shi, yana ɗauke da kusan lita 2,400. Wanda ke sama da ƙasa da numfashi ɗaya sai ya koma mai yin rabin sa'a ko fiye yana kallon kifi.

Sai sanyi. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki ninki ashirin da wani abu fiye da iska, shi ya sa mai yasa ke fitowa haƙora na kaɗawa ko a zafin Afrilu. Rigar roba mai laushi da Hugh Bradner ya ƙirƙiro a Amurka a 1952 kumfar da ke cikinta ce ke tare ɗumi, amma sai ta kama jiki. In ta yi yawa, ruwa ya riƙa zarya a ciki, an yi asarar kuɗi. Gilashin fuska kuma yana sa ido gani. Maganin hazon da ke rufe shi, duk tsadarsa, yawu ne: a tofa, a goge, a ɗauraye.

Kunne ne babu kayan da ke cetonsa. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na waje sau biyu, dodon kunne kuwa tun kafin nan yake fara zogi. Mai tulu da marar tulu dabararsu ɗaya: a toshe hanci a hura a hankali, ko a haɗiye yawu, tun kafin ciwon ya zo.

Wuri guda ne hanyoyinsu suka rabu, kuma a nan ake mutuwa. Mai yasa ya saba riƙe numfashi tun yana yaro, shi ne jarinsa. In aka goya masa tulu, wannan sabon ne zai fara yaƙa. Iskar da ya shaƙa a mita 10 za ta kumbura ninki biyu kafin ya iso sama, in ya riƙe ta sai ta yaga huhu. Don haka mai tulu yana tasowa a hankali, yana fitar da kumfa, ya tsaya minti 3 a mita 5 kafin ya leƙo.

Shi kuwa mai yasa na Batsari ko Safana, da ya cafko gugan sai ya doki ƙasa da ƙafa, ya ɓullo, ya furzar da ruwa, ya fizgi igiya sau biyu.