Mai, Harsashi da Igiya: Gwanintar Masu Buga Desert Strike

A gidajen gem na shekarun 1990, irin waɗanda ake buɗewa a shago ko a zaure a Daura da sauran garuruwan Arewa, rububin yara yana kan dambe da ƙwallo ne. A sa Mortal Kombat ko Street Fighter, a gwabza na 'yan mintoci, wanda aka kayar ya miƙa hannun gem ga na bayansa. Amma akwai wani kaset na Sega da ba kowa ke iya zama gabansa ba, wato Desert Strike. Mai gaggawa ba ya daɗewa a cikinsa. Wanda kuwa ya iya shi, ko da ƙarami ne, sai ka ga manya sun jawo benci sun zauna kallo.

Kamfanin Electronic Arts na Amurka ne ya fitar da shi a 1992, shekara guda bayan Yaƙin Tekun Fasha, abin da ya sa wasu suka soki kamfanin da cewa yana neman kuɗi da yaƙin da jininsa bai bushe ba. Wanda ya tsara shi, Mike Posehn, yana da digirin digirgir a fannin injiniyan injuna, kuma ya ɗauko dabarar ceton mutane daga wani tsohon gem na 1982 mai suna Choplifter. Ɗan wasa yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu ƙirar Apache, ya tashi daga jirgin ruwan yaƙi a bakin teku, ya shiga hamadar wani janar mai suna Kilbaba. Zango huɗu ne kacal, amma kowane zango fili ne mai faɗi, ba wanda zai riƙe hannunka ya nuna maka hanya.

Ana gane gwani tun kafin ya harba ko harsashi ɗaya. Yana tashi sai ya danna Start ya buɗe taswira. Zai duba inda na'urorin rada suke, da tashar wutar lantarki, da filayen jiragen sama, sannan ya haddace inda gangunan mai da akwatunan makamai suke. Ya san jerin ayyukan da aka ba shi ba ado ba ne. A zangon farko, rada ake fara rushewa, domin muddin tana aiki, bindigogin abokan gaba suna hango jirgi daga nesa kuma harbinsu ya fi ciwo. Sabon shiga kan tsallake ta ya nufi inda ya ga taro, sai a kakkaɓo shi bai ma san daga ina aka harbo ba.

Abu na biyu shi ne hannu. Posehn ya ba jirgin nauyi, ta yadda ko ka saki maɓalli ba ya tsayawa nan take, sai ya ɗan zame gaba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Daura ranar hawan Sallah ya ga irin wannan gwaninta a wajen jahi: mahayi ya sako doki da gudu, amma tun kafin ya iso ya riga ya auna inda zai ja linzami, don dokin ya turje daidai gaban sarki. Haka gwanin Desert Strike yake sakin maɓalli tun da sauran tazara, jirgi ya zame ya tsaya a bakin iyakar da harsashin tanka ba ya kaiwa. Daga nan sai ya goce gefe, ya zagaya ta bayan tankar yayin da bakin bindigarta ke ƙoƙarin juyowa. Mai koyo kuwa sai ya yi ta karo da gine-gine da duwatsu, kowane karo yana rage masa sulke.

Sai maganar tattali, wadda ita ce zuciyar wasan. Ana ba ka mai 100, sulke 600, harsasan bindiga sama da dubu, rokokin Hydra 38, da makaman Hellfire 8 kawai. Man yana raguwa ko kana faɗa ko kana yawon banza. Gwani ba ya ɓarnatar da Hellfire a kan soja ɗaya mai tafiya a ƙasa. Bindiga ta ishe shi. Hydra ta motocin sulke ce, Hellfire kuma sai abin da zai iya kashe ka cikin daƙiƙu kaɗan. Idan ya ci karo da gangar mai alhali tankinsa na da saura da yawa, ba ya ɗauka, tunda tanki ba ya wuce 100. Sai ya bar ta a wurin ya riƙe ta a ka, ya dawo lokacin da ƙararrawar ƙarancin mai ta fara kuka. Yana kuma kiyaye harbi kusa da kaya, don harsashi ɗaya da ya kauce zai iya tarwatsa gangar da ya dogara da ita. A nan 'yan kallo ke shiga wasan, ka ji wani daga baya yana cewa, "Yaya, manka fa ya kusa ƙarewa, akwai ganga ta yamma da hanya!"

Igiyar jirgin ma fanni ce mai zaman kanta. Da ita ake jawo mai da makamai da mutanen da aka ceto, amma ba ta sauka sai jirgi ya daidaita a kan abin ya natsu, kuma a lokacin nan ne ya fi sauƙin harbi. Jirgin na ɗaukar mutum 6 a tashi ɗaya, kuma duk wanda ka sauke a wurin da aka keɓe, sulkenka zai ƙaru. Saboda haka ceton fursunonin yaƙi da matuƙan da aka harbo ya zama hanyar gyaran jirgi. Gwani kan bar wasu a inda ba haɗari, sai ya ji jiki sannan ya je ya kwaso su. Tun a farkon wasa ma yana zaɓen mataimakin matuƙi da hankali, domin wani ya fi saiti, wani ya fi saurin igiya.

Akwai wata gwanintar da yanayinmu ya ƙara. Kaset ɗin ba ya ajiye inda ka tsaya, sai dai ya ba ka kalmar sirri a ƙarshen kowane zango. Idan NEPA ta ɗauke wuta a tsakiyar zango, aikin ya tafi. Don haka bayan littafin makaranta ya zama ma'ajiyar kalmomin sirri, ana musayarsu tsakanin abokai. Umarnin ayyukan kuma da Turanci yake, sai ka ga an nemo wanda ya fi ƙoƙari a aji ya zauna kusa yana fassarawa.

Gem ɗin ya samu karɓuwa, aka bi shi da Jungle Strike a 1993, inda aka koma jirgi ƙirar Comanche, aka fara da kare birnin Washington, aka ƙara babur da jirgin ruwa mai shawagi. Urban Strike ya fito a 1994, har ana sauka a yi faɗa da ƙafa. Soviet Strike na 1996 da Nuclear Strike na 1997 suka koma PlayStation. An yi alkawarin Future Strike, amma aikin ya rikiɗe ya zama Future Cop: LAPD a 1998. Tun daga nan jerin ya tsaya, in ban da tarin EA Replay na 2006 da ya maido da biyun farko a kan PSP. Ƙananan masu ƙirƙira ne suka ɗauki gadon, kamar masu Cleared Hot, wanda MicroProse, kamfanin da ya yi suna da gem ɗin Gunship tun 1986, ya ɗauki nauyin fitarwa.

Yaran Daura na yanzu sun san helikwafta fiye da yayyensu. Daga 2015 zuwa 2023 sun sha ganinta tana kawo Shugaba Muhammadu Buhari daga filin jirgin Katsina idan ya zo hutun Sallah. Wayoyin hannunsu sun ninka Sega ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai yawancin wasannin waya an gina su ne a kan cewa idan ka gaza, ka kalli talla ko ka sayi ƙarin rai. Wannan tsarin ba ya haifar da gwani, domin ba abin da zai tilasta maka lissafi.

Fatan tsofaffin 'yan wasa ga sabon Strike bai wuce abubuwa kaɗan ba. A gyara hoto yadda ake so, a ba da damar mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na harbi da igiya, a kuma sa ya yi aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba. Amma a bar taswirar a buɗe, a bar wa jirgin nauyinsa, kada kuma a sayar da gangar mai da kuɗin gaske. Ranar da mai ya daina ƙarewa a cikin Strike, ba sauran abin da ƙane zai zauna ya koya daga yayansa.