Jinjina ga Masu Fentin Mota na Kakuri

Tun da Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, unguwar ba ta rabu da warin fenti ba. Na ga wani dattijo a gareji ya goge tsohuwar 504 da samfefa, ya shafa da tafin hannu yana laluben tudu, kafin ya ɗaga bindigar feshi. Shafin ƙarshe ne sirrin: ruwan Agusta ya dunƙule kamar ƙwayar dawa, ya gangare, tsatsa ta rasa ƙofa.

A Amurka an samu masu feshi da iskar kabon da aka matse har ta zama ba ruwa ba, ba iska ba, don rage tina. Namu kuwa tinar suke shaƙa, tsumma a hanci. Mai mota, in ka zo biya, rage ciniki.