Mutumin da Ya Ɗora Lokaci a Kan Sikeli

Dutse in ya suɓuce daga hannu, kafin ƙiftawa da bismillah ya isa ƙasa. To, wanda ba shi da agogo mai ƙirga daƙiƙa, ta ina zai auna gudunsa? Abin da ya sha wa Galileo Galilei kai ke nan, wajen shekarar 1604, lokacin yana koyar da lissafi a jami'ar Padua ta ƙasar Italiya.

Da ya ga ba zai cim ma faɗuwar ba, sai ya rage mata sauri. Ya samo katako mai tsawon kamu 12, ya fafe masa siririn kwarmi miƙaƙƙe, faɗinsa ya ɗan ɗara yatsa. Ya goge kwarmin, ya shimfiɗa masa fata mai santsi don rage gogayya, wato turjiyar da ke tasowa idan abu biyu suna gugar juna. Sannan ya ɗaga kai ɗaya na katakon kamu ɗaya ko biyu, ya ɗora mulmulallen ƙwallon tagulla, ya sake shi. Ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne dai ke jan ƙwallon, sai dai yanzu a hankali, yadda ido zai iya binsa.

Saura lokaci, kuma nan ne gwanintar take. Ya ɗora babban mazubi cike da ruwa a bisa, da siririn bututu a gindinsa. Daga sakin ƙwallo zuwa isarsa, yana tarar ruwan da ke tsiyaya a ɗan kofi, sai ya ɗora shi a sikeli. Ruwa ya ninka nauyi, lokaci ya ninka ke nan. Girman mazubin ma da dalili: a ƙaramar kwarya ruwa na raguwa tsiyayar ke sanyi, amma a babban mazubi cikin kofi ɗaya ba ya sauya komai.

Ya gangara ƙwallon dukan tsawon katakon, ya auna. Ya gangara shi rubu'in tsawon, ya sake aunawa. Mai hasashe daga zaune zai ce rubu'in tafiya rubu'in lokaci zai ci. Ina! Rabin lokacin ya ci cif. Ashe idan lokaci ya ninka biyu, nisa ninki 4 yake yi. Ya ninka uku, nisa ya yi 9. Ma'ana, gudun ƙaruwa yake yi daidai wa daida a kowane lokaci. Yau an san adadin ga abin da ke faɗuwa kai tsaye: kowace daƙiƙa gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa.

Kusan shekara 2,000 yawancin malamai suna zaune suna maimaita ra'ayin masanin falsafa Aristotal a kan faɗuwar abubuwa, rigunansu a bushe. Shi kuwa Galileo, a littafinsa da aka buga a birnin Leiden a 1638, ya ce sau ɗari ya maimaita gwajin, yana sauya gangarar katakon, yana sake cika mazubi.

Daga baya wasu masana tarihi sun yi shakka, suka ce kayan nan ba za su ba da awo mai kyau haka ba. A 1961 wani ɗalibi a Amurka, Thomas Settle, ya haɗa katako da ƙwallo, ya mai da tukunyar shuka fure agogon ruwa, ya gwada da hannunsa. Lissafin ya fito yadda Galileo ya faɗa.