Kwamfutar Jarumi Ba Ta Mutuwa: Ɗalibin Jami'a A Littattafanmu Na Waya

Duk wanda ya saba bin littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks ya san wannan fitowar. Jaruma ɗaliba ce a jami'a, tana aji biyu ko uku, galibi likitanci take karanta ko aikin lauya. Direba ya sauke ta a bakin tsangaya, ta shiga aji a makare, malamin da zai zama mijinta nan da shafi tamanin ya kore ta. Jarumi kuwa yana hakimce a falo da kwamfuta a kan cinya, an ce mana yana ta danne-danne, amma ba a taɓa faɗa mana me yake dannawa ba. Kwamfutar nan ba ta zafi, ba ta neman caji, ba ta taɓa cinye aikin kowa. Matsayinta a labarin ɗaya ne da agogon hannunsa da turarensa, wato shaida ce cewa gidansu akwai abin hannu.

Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta, kuma muke cin abinci da rubuta manhaja, muna karanta waɗannan littattafai kamar kowa, muna biyan kuɗin shiga guruf, muna jiran sabon shafi da dare. Ƙorafinmu guda ne. Marubutanmu sun mayar da jami'a dandalin soyayya kawai, sun bar labarin da ya fi kowanne tsayawa a rai yana yawo a titi babu mai ɗauka: labarin ɗalibin da digirinsa gaba ɗaya yake rataye a wuyan tsohuwar na'ura.

Mu ɗauki ɗalibi daga ƙasar Gezawa, a ce daga Jogana ko Tsamiya Babba ko Wangara, wanda yake karatu a Jami'ar Bayero bai samu ɗakin kwana ba. Gezawa ba ta yi nisan da za a ce ya tare a birni dole ba, ba ta kuma yi kusan da za a ce zirga-zirgar wasa ce ba. Zai fito titin Haɗeja da sassafe, ya sauka 'Yankaba, ya keta birnin Kano daga gabas zuwa yamma har Kabuga, sannan ya kama titin Gwarzo idan a sabuwar jami'a darasinsa yake. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace gaɓa ta wannan tafiya lissafi ce. A jakarsa akwai kwamfuta ta hannu da aka sayo a Farm Centre ko titin Beirut, wadda wani ya more ta shekaru a Turai kafin ta iso gare shi. Wataƙila buhunan gyaɗa aka sayar aka saya masa, wataƙila akuyar mahaifiyarsa ce ko kwasar adashinta.

Irin wannan ɗalibi, mai yiwuwa ranar da ya fara riƙe linzamin kwamfuta da gaske ita ce ranar da ya je koyon jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta. Daga nan kuma komai nasa ya koma can: rajista, biyan kuɗi, zaɓen kwasa-kwasai, duba sakamako, har neman bashin karatu na NELFUND da aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024. Shafin rajista yakan cushe a kwanakin ƙarshe domin dubban mutane sun afka masa lokaci guda, shi ya sa ɗalibai suka koyi tashi ƙarfe biyu na dare su gwada sa'a. Wanda yake ƙauye kuma sai ya fita neman inda sabis yake kamawa.

Ita kanta na'urar tana da halinta, kuma halin nan yana bin yanayin ƙasarmu. Da hunturu ƙura takan toshe fankar da ke sanyaya ta. Da bazara, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, sai ta riƙa ɗauke kanta da kanta don kada ƙwaƙwalwarta ta ƙone, sau da yawa ana tsakiyar aiki. Batirin da ya tsufa zafi yana ƙara kashe shi, har ta zama sai a jikin wuta take aiki, ana ɗauke wuta ta mutu nan take. Wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an daɗe babu takan ƙona caja. Filashin da aka soka a shagon buga takardu yakan dawo da bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu, ɗalibi ya buɗe ya ga kamar babi uku na kundinsa sun tafi, alhali suna nan a ɓoye, sai dai bai san haka ba, mai shagon ma wani lokaci bai sani ba. A watan Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Kano ta shafe fiye da mako guda a duhu, masu caji da janareta suka zama sarakuna. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Duk wannan ya faru a idon marubutanmu, a wayoyin da suke rubutu da su, amma da ƙyar za ka ga inuwarsa a shafukansu.

Wani zai ce ai wannan jerin wahalhalu ne, ba labari ba ne. Gaskiya ne wahala ita kaɗai ba ta zama adabi. Amma a duba abin da ke ƙarƙashinta. Kwamfutar da aka saya da akuyar uwa ta mutu saura mako biyu a miƙa kundin digiri. Yaron ba zai iya buɗe baki ya faɗa a gida ba, domin ya san abin da aka rasa kafin a same ta, ga shi damina ta kama, kowane kwabo ya tafi taki. Zai ari ta abokinsa daga sha biyun dare zuwa asuba, abokin da shi ma nasa aikin bai ƙare ba. Mai gyara ya ce a kawo kuɗin kaya kafin ya taɓa, kuma a cikinta akwai hotunan wata da bai kamata kowa ya gani ba. Malamin da ke duba aikinsa ya ce ba ya sauraron uzuri, domin uzurin kwamfuta ya ji shi sau ɗari, rabi ƙarya ne. A nan akwai kunya, akwai bashi, akwai amana, akwai ƙaryar da ɗa nagari yake yi wa iyayensa don ya rufa musu asiri. Waɗannan su ne kayan miyar da adabin Hausa ya fi iya sarrafawa tun asali. In ma soyayyar ake so, wace hujja ce ta haɗuwa ta fi yarinyar da take da caja irin tasa, ko wadda ta san yadda ake dawo da fayil ɗin da ya ɓuya?

Abin da ya sa wannan giɓi yake ba mu mamaki shi ne magabatan waɗannan marubuta ba haka suka yi ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, abin da ya riƙe labarin Rabi shi ne kuɗin cefane: abin da miji ya bayar, bakunan da za a ciyar, da abincin sayarwar da ta koma yi bayan an kore ta da 'ya'yanta. Marubuciyar ba ta ji kunyar lissafi ba, kuma lissafin ne ya sa mai karatu yake jin zafin abin a jikinsa. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta sa karatun 'ya mace ya zama abin da ake gwagwarmaya a kansa, abin da ake iya samu kuma ake iya rasawa. Tun 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaron Hausa ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, ke nan ba tsoron na'ura ne gadonmu ba.

Haka kuma adabinmu ya nuna ya iya haɗiye sabon kayan sadarwa ya mayar da shi injin labari. Littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 wasiƙa ce ƙashin bayansu: wadda aka aiko ƙanwa da ita, wadda ta faɗa hannun uba, wadda ba ta isa ba. Da wayar salula ta shigo a 2001, nan da nan marubuta suka gane amfaninta. Kiran da ba a ɗaga ba, saƙon da kishiya ta karanta, lambar da aka yi kuskuren dannawa ta zama aure, duk sun zama jari. Dalili shi ne marubutan sun san waya ciki da bai, sun san inda take cin amanar mai ita. Kwamfuta ce kaɗai aka bari a matsayin ado, kuma muna zargin dalilin bai wuce cewa yawancin littattafan a waya ake rubuta su ba, da babban yatsa, sai kwamfutar ta zama abin da ake hangowa a finafinan Indiya da na Koriya.

Daga can ne kuma aka kwaso mana ɗan kutse. Shi ne jarumin da zai buɗe kwamfuta ya yi danne-danne na minti biyar, ya shiga asusun banki, ya gano ɗakin da aka ɓoye jaruma, ya goge sunansa daga kundin 'yan sanda. Mu da muke wannan sana'a mun san yawancin ranakunmu suna ƙarewa ne wajen neman waƙafi guda da ya hana manhaja tashi. Ba muna cewa a mayar da labari darasin aji ba ne. Matsalar ita ce wannan siffa tana koya wa mai karatu cewa ilimin kwamfuta wani tsafi ne na 'ya'yan masu kuɗi, alhali ajin da muka zauna cike yake da 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa, wasunsu a takarda suke rubuta manhajarsu da biro, su jira a ba su aron na'ura su gwada ko ta yi.

Akwai ma wani abin da ya shafi marubutan kansu kai tsaye. Ɗalibin sashen Hausa da ke buga kundinsa yana fama da ƙ da ɗ da ɓ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla don magance wannan, suka yi wa masu buga littattafai da jaridu babban amfani. Sai dai irin wannan dabara aron gurbin wasu alamomi take yi, don haka idan aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da salon, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, amma har yau akwai ɗalibin da zai kai aikinsa shago a buga, ya karɓo shafi ɗari cike da baka-baka, ga kuɗin bugu ya riga ya biya. Marubutan da su kansu suke rubuta k' da d' a wayoyinsu sun fi kowa sanin wannan ciwo. Abin dariya ne, abin kuka ne, kuma namu ne mu kaɗai, babu fim ɗin Indiyan da zai ba mu shi.

Hujja mafi ƙarfi da ake kare waɗannan littattafai da ita ita ce mai karatu ya gaji. Wadda ta wuni tana fama da rashin wuta ba ta biya kuɗinta don a sake nuna mata duhu ba, so take a kai ta gidan da injin sanyaya ɗaki ba ya tsayawa. Wannan haƙƙinta ne, kuma marubuciyar da ke ciyar da kanta da alƙalaminta dole ta saurari kasuwa. Amma mafarki ma yana buƙatar ƙasa da zai taka. Daɗin ganin jaruma ta shiga daula yana zuwa ne daga sanin abin da ta tsallake. Idan tun shafin farko babu abin da zai iya lalacewa a duniyarta sai zuciyar saurayi, to digirin da za ta karɓa a ƙarshe kyauta ce marubuciya ta ba ta, mai karatu kuma yana jin bambancin ko da bai faɗa ba. Ɗaliban da suka zauna a gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, suna cikin masu karanta waɗannan littattafai, sun kuma san jami'ar da ake gama ta cikin shekara huɗu cif babu tangarɗa ba tasu ba ce.

Gajeren labari ya fi nuna alamar zai iya ɗaukar wannan kaya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta nuna cewa mata marubuta suna iya kama ƙaramin abu na yau da kullum su girgiza mutane da shi cikin 'yan shafuka. Abin da ya rage shi ne dogon labari ya yi irin wannan ƙarfin hali. Marubucin da ke son gwadawa ba ya buƙatar digiri a kwamfuta. Ya zauna wuni guda a shagon buga takardu a makon miƙa kundi, ya saurari yadda ake roƙon mai shago, ya kalli fuskar wanda filashinsa ya ƙi buɗewa. Ya tsaya a rumfar mai caji a kasuwar Gezawa ya ga wa ke kawo kwamfuta a cikin buhun leda don kada a gane. Ya shiga motar 'Yankaba ta ƙarshe da yamma ya lura da yaron da ya rungume jakarsa a ƙirji saboda yayyafi ya fara. Jaruman suna nan da yawa, kuma yawancinsu suna da waya a aljihu, suna karanta labarin wasu.